Zagayen Baibai: Yadda Direbobin Tsere Ke Tunawa da Alan Kulwicki

Masu raina tseren motocin NASCAR na Amurka sukan ce babu wata al'ada a cikinsa, ƙarar inji ce kawai da tallan kamfanoni. Ban ga alamar sun taɓa natsuwa sun kalli zagayen baibai ba, wato wanda direban da ya ci tsere yakan juya kan motarsa ya bi filin ta inda ba a saba bi ba.

Alan Kulwicki ne ya ƙago shi. An haife shi a 1954 a Greenfield, wani ƙaramin gari a gefen Milwaukee, jihar Wisconsin. Mahaifinsa haɗa injinan motocin tsere yake yi, shi kuma ya karanci injiniyanci a jami'a, ya goge a ƙananan filaye irin su Slinger. Daga baya ya gangara Kudu, inda manyan harkar suke. Junior Johnson, babban mai ƙungiya, ya nemi ya ɗauke shi, ya ƙi. A 1992 ya ɗauki kambu da ratar maki 10 a kan Bill Elliott, yana mai mota kuma direbanta. Ranar 1 ga Afrilu 1993 jirgin sama ya faɗi da shi a Tennessee, a hanyarsa ta zuwa tseren Bristol.

Mu dubi zagayen kansa, don hikimar tana cikin tsarin fili da na mota. A filayen da'ira hagu ake karyawa kullum, kuma sitiyarin motar Amurka a hagu yake. Ke nan direba yana ɓangaren tsakiyar fili tun daga farko har ƙarshe. 'Yan kallo da ke kan benaye ba sa ganin komai sai gefen dama na motar: lamba, fenti da sunayen masu talla. Awa uku ko huɗu suna yi wa mutum ihu, ba su ga ko hannunsa ba. A Nuwamba 1988, da Kulwicki ya ci tserensa na farko a Phoenix, sai ya juya motar. Nan take tagarsa ta koma ɓangaren jama'a. Direba ya sauke ragar da ke rufe tagar, ya rage gudu, ya matso kusa da shinge, ya miƙo hannu. Sunayen kamfanoni da suka sha kallo duk yini sun juya baya, an bar mutum da mutane. Kamar jafi ne a hawan sallah: sukuwar ba ta cika sai mahayi ya ja linzami ya fuskanci wanda ya zo gaisarwa.

Kulwicki da kansa ya laƙaba masa sunan zagayen 'yan Poland, asalin kakanninsa. Abin lura, sau biyu kacal ya yi shi a rayuwarsa: a Phoenix, sai ranar da ya ɗauki kambu a Atlanta. Sauran nasarorinsa bai taɓa shi ba. Wannan kamewa ita ta ba zagayen nauyin da ya iya ɗaukar makoki daga baya. Kwana uku da rasuwarsa Rusty Wallace ya ci tseren Bristol, ya juya motarsa ya bi hanyar Kulwicki, ba wanda ya buƙaci bayani. A ƙarshen kakar, bayan wani direban, Davey Allison, shi ma ya rasu a hatsarin helikwafta cikin Yuli, Wallace da Dale Earnhardt suka yi zagayen kafaɗa da kafaɗa a Atlanta, ɗauke da tutoci masu lamba 7 da 28, lambobin motocin mamatan biyu.

Wasu sun fi son bikin zamani, inda ake murza taya har hayaƙi ya turnuƙe fili. Wannan ba ya burge ni. Hayaƙi ɓoye direba yake yi, kuma mai kuɗin ƙona taya ne ke yin sa ba tare da fargaba ba. Wasu kuma suna cewa karramawa ta gaskiya ita ce suna a jikin gini. An yi wa Kulwicki wannan: akwai wurin shaƙatawa mai sunansa a Greenfield, an kuma shigar da shi zauren gwarazan NASCAR a 2019. Duk sun dace, amma sai ka yi tattaki ka same su.

Zagayen baibai kuwa ko sisi ba ya ci, shi ya sa nake ganin gadon ƙananan filaye ne. A can 'yan kallo su ne maƙwabtan direba, da makanikin da ya ba shi bashin kayan gyara, da matar da ta haƙura da kuɗin cefane ya tafi a taya. Direban ƙaramin gari ba shi da mai rubuta masa tarihi. Idan ya mutu, abin da abokan karawarsa za su iya yi masa shi ne ɗayansu ya ci tsere ya juya mota. Kulwicki ya fito daga cikin irin waɗannan mutane, ya bar musu hanyar gaisuwa da ta ta'aziyya a motsi ɗaya. A duk abubuwan da tseren motoci ya ƙirƙiro don tunawa da mamatansa, wannan ne ya fi cancanta a riƙe.