Ruwa Garau Ba Shi Ne Ruwa Mai Tsabta Ba

Mu mutanen Sabo a nan Ibadan mun iya kukan ƙazantar rafin Ogunpa, kullum laifin gwamnati ne. To amma wa ke juye shara a kwata da zarar hadari ya haɗo? Mu ne fa. Ambaliyar 1980 da ta 2011 kamar ba su koya mana komai ba.

Gurɓatar ruwa iri-iri ce. Akwai wadda ido ke gani: ledar fiya wata, jini da kashin shanu daga mahauta, baƙin man makanikai. Wannan ko yaro ya san ƙazanta ce. Wadda ta fi kisa kuwa ita ce ɓoyayyiya: masai da aka haƙa dab da rijiya, yana tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa. Ruwan ya fito garau, ba wari, alhali ƙwayoyin kwalara da taifot na ciki.

Masu gidajen haya, ku ji tsoron Allah. Ɗakin da kuka matse tsakar gida kuka ƙara bai kai ran yaro ɗaya ba. Dattawan unguwa, a zagaya a duba rijiyoyinmu kafin damina ta kankama. Kafin nan, iyaye mata, don Allah a riƙa tafasa ruwan sha.