Masu Bakacen Hasken Sama

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a Tozai, a daren da babu wata, ya san farin zirin nan da ke ratsa sama kamar hayaƙin murhu. Garken taurarinmu ne, wanda Turawa ke kira Milki We. Mu dai mukan kalle shi, mu gyara tabarma, mu yi barci. Ashe zirin yana da wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa gamma. Ƙwayarsa ɗaya kan fi ta hasken fitila ƙarfi sau ɗaruruwan miliyoyi, amma iskar duniya na shanye shi tun bai sauko ba.

Dole sai an hau sama. Tauraron ɗan'adam OSO-3, da aka harba a 1967, ya yi wata 16 yana tsinta, ƙwaya 621 kacal ya tara. Wanda ake ji da shi yanzu shi ne Fermi, na hukumar NASA ta Amurka, da ya tashi a 2008.

Madubi ba ya riƙe gamma, don haka a cikin Fermi aka jera siraran farantan ƙarfen tangistan, wani bisa wani. Da ƙwaya ta bugi faranti sai ta rikiɗe ta zama tagwaye, ilektaron da kishiyarsa, su bar sawu a shimfiɗar silikon. A bi sawun da baya, yadda makiyayi ke bin na raƙumi a rairayi, a gano inda ta fito. Can ƙasa wasu sandunan kiristal su auna ƙarfin bugun. An kuma lulluɓe na'urar da bargon roba mai ƙyalli idan baƙuwar ƙwaya mai caji ta ratsa, a yi watsi da ita.

Nan ne bakacen gaske ke farawa, kuma nan abin ya fi burge ni. Macen da ta iya faifai ba ta zubar da tsaba garin fidda tsakuwa. Ana tsince tushen haske masu tsayayyen wuri, sama da 5,000 a kundin Fermi na huɗu. Abin da ya rage hazo ne, shi ne ma mafi yawa. Akasarinsa daga furoton yake, ƙwayoyin da galibi fashewar taurari ke cillowa. Sukan yi shekaru miliyoyi suna gararamba, har ɗaya ta yi karo da iskar haidurojin, ta haifi wata ƙwaya, fayon, wadda nan take ke tsagewa gamma biyu. Sai masani ya ɗauko taswirar iskar, wadda aka zana da igiyar rediyo mai tsawon santimita 21, ya lissafa hazon da ya kamata, ya ɗebe daga wanda aka gani.

A 2010 Douglas Finkbeiner da ɗalibansa biyu, Meng Su da Tracy Slatyer, suka ɗebe, saura ya ƙi ƙarewa. Ba su kira shi dusa ba, suka sake dubawa: kumfa biyu ne maka-maka, sama da ƙasan cibiyar garken, kowane sai haske ya yi shekara kusan 25,000 kafin ya ratsa shi.