Gasar Rubutu da Labaran Aikata Laifi: Tarke a Kan Matsayin Marubuta Mata

1.0 Gabatarwa

Gasa ta daɗe tana yi wa ƙagaggen labarin Hausa jagora, domin abin da masu shirya gasa suka nema shi marubuta kan rubuta. Wannan takarda za ta dubi matsayin labaran aikata laifi da mata ke rubutawa a cikin gasannin Hausa, tare da kwatanta su da wata kyauta ta ƙasar Ostireliya. Manufar ita ce a nuna cewa jigon laifi ya cika rubutun mata Hausawa, amma rashin ware masa rukuni ya sa zubinsa bai bunƙasa ba.

2.0 Kyautar Davitt

A shekarar 1991 aka kafa ƙungiyar Sisters in Crime a birnin Melbourne, domin tallafa wa mata masu rubuta labaran laifi da bincike. A 1994 ta fara gasar gajerun labarai mai suna Scarlet Stiletto, sannan a 2001 ta ƙirƙiro kyautar Davitt ta littattafai. An sanya wa kyautar sunan Ellen Davitt, wadda aka buga labarinta Force and Fraud kashi-kashi a wata mujalla a 1865, kuma ake ɗaukarsa a matsayin littafin bincike na farko a ƙasar. Kyautar tana da rukunoni, kamar na manya da na matasa da na yara da na laifin da ya auku da gaske. Littafin Jane Harper, The Dry, ya ci rukunin manya a 2017. Abin lura shi ne sharaɗi biyu aka gindaya: marubuciyar ta kasance mace, labarin kuma ya kasance na laifi.

3.0 Gasannin Hausa

Gasar farko ita ce wadda Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Duk maza ne suka rubuta su. Mace ba ta fito fili ba sai a gasar Kamfanin NNPC na Zariya, wadda ta kai ga buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, kuma jigonsa soyayya ne. A littattafan gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya da aka buga a 1982 ne laifi ya zama babban jigo: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuma ya zana ta'addancin da ya biyo bayan yaƙin basasa. Su ma maza ne.

Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarin Sansani, wanda ya dubi rayuwar waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. A 2021 Aishatu Musa Dalil ta zo ta ɗaya da Haƙƙina, labarin yarinyar da aka yi wa fyaɗe, aka kuma matsa mata ta yi shiru don gudun abin kunya. A 2022 kyautar ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, wurin Amira Souley. Ke nan Hikayata ta cika sharaɗin farko na Davitt, amma ta bar jigo a buɗe.

4.0 Alhaki a Madadin Mai Bincike

Labarin bincike yana da zubi na musamman. Ana aikata laifi, a ɓoye mai laifin, sai tauraro ko tauraruwa ta bi sawu, ta auna shaida, har gaskiya ta bayyana. Mai karatu yana tafiya tare da ita, yana zargi yana sauya zargi.

Yawancin labaran Hausa ba su bi wannan hanya ba. Tun daga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda ramuwar gayya ta sa ɗa ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa, mai karatu ya san mai laifi tun da wuri, sakayya kawai yake jira. Haka abin yake a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, inda mijin da ya wulaƙanta matarsa da 'ya'yansa ya gamu da gobara da karayar arziki. Ma'ana, alhaki ne ke yin aikin ɗan sanda da alƙali gaba ɗaya.

Wannan zubi yana da ƙarfinsa. Ya dace da tunanin al'umma, kuma ya bai wa wadda aka zalunta damar bayyana ciwonta da bakinta. Sai dai yana da rauni babba: tauraruwar takan zama mai haƙuri da jira. Idan ƙaddara ce za ta hukunta azzalumi, marubuciya ba ta da dalilin shiga ofishin 'yan sanda ko asibiti ko kotu, alhali a waɗannan wurare ne ake danne haƙƙi ko a ƙwato shi. Tambayar da labarin bincike ke tilasta wa mai rubutu ita ce: wa ya gani, wa ya sani, me ya hana shi magana?

Misali daga arewacin Ghana zai fayyace batun. A watan Yulin 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90 a Kafaba, kusa da Salaga, bisa zargin maita, a gaban taron jama'a. A 2023 babbar kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce. A yankin Yendi kuwa akwai matsugunin Gnani, inda waɗanda aka kora da irin wannan zargi ke fakewa. Labarin alhaki zai tsaya ne a kan wahalar tsohuwar da sakayyar da ta biyo baya. Labarin bincike zai tambayi wanda ya fara furta zargin, da wanda zai amfana da korarta, da dalilin shirun 'yan kallo. Marubuciyar da ta tashi a zangon Savelugu ko Bawku ta fi baƙo sanin yadda irin wannan magana ke yawo daga bakin rijiya zuwa kasuwa.

5.0 Kammalawa

Akwai masu ganin cewa ware rukuni zai ƙuntata wa marubuta, ko ya jawo kwaikwayon littattafan Turawa. Wannan tsoro yana da tushe, musamman idan aka ɗauko jami'in bincike irin na Landan aka dasa shi a Kano. Amma mai binciken tana iya zama ungozoma ko malamar Islamiyya ko dillaliya, wato matan da ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Tarihin gasannin 1933 da 1982 da 2016 ya nuna cewa duk lokacin da aka yi kira, marubuta sukan amsa. Ya rage ga ɗalibi ya ɗauki labari guda daga cikin waɗanda aka ambata, ya tantance wanda ya tona gaskiya a cikinsa: mutum ne ko ƙaddara.