Banished: kukan ƴan wasa da lissafin rumbu

A watan Fabrairu na shekarar 2014 ne wani Ba'amurke, Luke Hodorowicz, ya fito da wasan kwamfuta mai suna Banished, bayan ya yi kusan shekara uku yana aikinsa shi kaɗai. Zancen wasan ba shi da tsawo: iyalai ne kaɗan, daga huɗu zuwa shida, aka kora daga garinsu, suka sauka a cikin daji da ɗan guzuri. Aikin ɗan wasa shi ne ya sa su sare itace, su gina gidaje, su yi noma da su da farauta, su tara abin da za ya fid da su hunturu. Babu yaƙi a cikinsa, babu kuɗi. Fatake suna zuwa ta kogi, ciniki kuwa na ba ni gishiri in ba ka manda ne.

Ƙorafin da ya fara fitowa daga bakin waɗanda suka buga shi shi ne tsanani. Gari yana zaune lafiya, rumbuna cike, sai a wayi gari mutane suna mutuwa bi da bi. Da yawa suka ce an zalunce su, wasan bai gargaɗe su ba. Amma in an duba da kyau, mutuwar nan tana da tushe, kuma tushen yana can baya, shekaru kafin ta bayyana. Matasa ba sa aure su haihu sai an gina musu gidan kansu. Wanda ya yi jinkirin gini don tattalin itace da dutse, za ya samu kansa da garin tsofaffi, waɗanda za su bar duniya kusan lokaci guda, gonaki su rasa hannu. Wanda kuma ya yi gaggawar gini, yara za su cika garin, suna ci ba sa nema. Haka yake ga maƙeri: in kayan aiki suka ƙare, aiki ya yi rauni ko'ina, har da haƙar ƙarfen da za a ƙera sababbi. A nan ƴan wasa ba su da gaskiya. Abin da suka kira zalunci shi ne mafi kyawun abin da Hodorowicz ya tsara, wato sakamakon da ke zuwa a makare, bayan mai laifi ya manta da laifinsa.

Malamai za su so su dakata a kan makarantar wasan. Yaro yana shiga aiki da shekara 10 in babu makaranta. In an gina ta, garin ya yi asarar hannunsa na wasu shekaru, ya kuma ware babban mutum guda ya zama malami, sannan daga baya a samu ma'aikaci mai yawan amfani. Ba kasafai wasa ke nuna tsadar ilimi da ribarsa a fili haka ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Duk gine-ginen wasan a buɗe suke tun ranar farko, kuma da zarar mutum ya gane lissafin abinci da itacen wuta da gidaje, ba sauran abin da ke ba shi tsoro. Sai maimaitawa: wata gona, wani rumbu, wata kasuwa. Wannan gaskiya ne, kuma babu amfanin kare shi da cewa mutum ɗaya ne ya yi aikin.

Amsar da mai wasan ya bayar ita ce ya sakar wa jama'a kayan gyara, kowa ya ƙara abin da yake so. Daga nan aka samu Colonial Charter, ƙarin da ya fi shahara, wanda ya cika garin da sababbin sana'o'i da amfanin gona da gine-gine masu yawa. Ya magance gajiyar da ake kuka da ita, babu shakka. Sai dai hankalin ɗan wasa ya tashi daga tambayar farko, ko abincin nan za ya kai bazara, ya koma kan sarrafa kaya daga wannan masana'anta zuwa waccan, kuma hunturu ya zama lokaci kamar kowane lokaci.