Mushe Mai Gurmi da Mawaƙan Daren Zango

A Zango yau, kusan kowace fada tana da mawaƙinta. Da rana tela ne, ko ɗan kabu-kabu, ko ɗan lise mai shirin bak. Da dare, in an yi sa'a kuran bai ɗauke ba, sai ya shiga wani ɗan ɗaki mai kwamfuta da makirufo, ya zube abin da ya tara, ya fito da waƙa. Kafin gari ya waye tana yawo a wayoyi. Ba na raina wannan ƙoƙari, wallahi, don na san kuɗin guminsu ne. Amma na saurari waƙoƙin nan da dama, kuma ga abin da ke damuna: in ka rufe ido, ba abin da zai gaya maka a Damagaram aka yi su. Kiɗan fiyano iri ɗaya, murya na'ura ta goge ta tas, magana kuwa soyayyar finafinan Kano, wadda su ma rabinta daga Indiya suka aro.

Shi ya sa nake so mu tuna da wani ɗan jiharmu, marigayi Mamman Barka. A Tasker aka haife shi, cikin Tubawa makiyaya. Sana'arsa ta farko ba waƙa ba ce, mushen lakwal ne, alli da allo. Gurmi abin bayan aiki ne a wurinsa, kamar yadda kwamfuta take ga samarinmu, kuma da gurmin nan mai tsirkiya biyu ya yi suna a Nijar har Nijeriya. A 2002 ya samu tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage yana kaɗa biram, kayan kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Mutumin da ya riga ya shahara ya koma ɗalibi, ya zauna gaban tsoho yana koyo. A 2009 faifansa na biram ya fito a Ingila, tare da makaɗinsa Umaru Adamu. Ya rasu a Yamai a Nuwamban 2018.

Duk wanda ya saurari faifan nan zai lura ba cunkoso a ciki. Tsirkiya, ganga, murya, shi ke nan. Biram yana maimaita gajeren zagaye kamar ruwa na dukan jikin jirgi, muryar kuma ta mutum ce, kana jin inda numfashi ya ƙare. Yana waƙa da Hausa, da Tubanci, da Barbarci, da harshen Buduma, wato harsunan mutanen da ya zauna cikinsu. Rayuwarsa ce ta ciyar da waƙarsa. Abin da Turawa suka ji suka tsaya ke nan, don ba su da irinsa a gida.

Na san amsar da abokaina za su ba ni, don sun sha ba ni ita wurin shan shayi: "Kai malam, biki ke biya. Amarya sunanta take son ji, ba labarin masunta ba." Gaskiya ne, kuma ba na cewa kowa ya ƙi abincinsa. Yi wa amarya tata, ka karɓi kuɗinka. Amma wanda waƙa ba ita ce ke ciyar da shi ba yana da abin da ƙwararre ya rasa, wato ƴanci. Tela yana da kekensa. In ya ga dama zai iya yin waƙar da ba wanda ya sa shi. To, me ya sa ko a nan ma sai ya kwaikwayi Kano?

Mafi kyawun abin da na ji bana, wani tela ne na unguwarmu ya yi shi. Waƙa ce kan jiran ruwa: layin jarkoki bakin famfo tun asuba, da ɗan ga-ruwa da ya ƙara kuɗi, da yarinyar da ta makara lakwal saboda ɗiban ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san wannan, tun kakanninmu ƙishirwa ke bin garin nan. Karin waƙar ma, in ka kasa kunne, tafiyar keken ɗinki ce, taka-saki, taka-saki. Baitocin farko sun sa ni dariya, sun kuma sa jikina ya yi sanyi.

Sai dai rabin waƙar na biyu ya ɓata min rai. Kwatsam ya bar famfo ya shiga jero sunaye: wane na fadar kaza, wane mai shago, wane ɗan gayu. Ya ɗauka yabo yake yi. Yabo fa sana'a ce mai wuya. A garin da Ma'azu Ɗan Alalo ya yi wa sarauta kiɗa, mun san mai yabo asali yake tonowa, ya kawo tarihi, ya saka kirari da habaici a inda suka dace. Jerin sunaye kawai rajista ce, irin wadda mushe ke kira da safe. Na biyu, na'urar gyaran murya ta cinye zafin maganar. Mutum yana kukan ƙishirwa da muryar roba, wa zai yarda?

Dubi Aisha Macky. Da ta tashi yin fim, Kara-Kara ta shiga, ta sa masa suna Zinder, ya fito a 2021, duniya ta kalla. Abin da muke jin kunyar nunawa shi ne jarinmu: Kasuwar Dole da hayaniyarta, wasan kara, hawan ƙaho, ɗan uwan da ya bi hanyar Agadas shekara uku ba labari.

Mu ma marubuta akwai namu aikin. Muna da kalmomi, su suna da murya, kuma unguwa ɗaya muke kwana. Shawarata ita ce a zamanmu na gaba kowa ya zo da mawaƙin fadarsu, mu zauna kan baiti ɗaya-ɗaya, a cire na aro a bar na gida. Sannan mu nemi tsofaffin masu gurmi da kalangu da suka rage a Birni da Zango, mu ɗauki muryoyinsu ko da waya ce, tun suna raye. Biram ya tsira ne don mushe guda ya je ya zauna gaban tsoho guda. Tsofaffinmu kuwa ba sai an je tafkin Chadi ba, suna nan bayan gidajenmu.