Hannun da Ke Cike Rajistar Awo

Tunjere ciwo ne mai ɓoyewa. Mace na iya zama ɗauke da shi shekaru ba ta ji komai ba, sai cikinta ya riƙa zubewa, ko ta haifi bakwaini, ko jaririn ya zo ba rai, har a fara cewa wabi take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 jarirai sama da 200,000 ne suka mutu a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa saboda shi. Alhali maganinsa allurar fenisilin ce mai dogon aiki, a yi wa uwa aƙalla kwana 30 kafin ta sauka.

Shi ya sa nake jinjina wa malamar asibitin da ta iya cike rajistar awo. Ƙwarewarta tana cikin ƙananan abubuwa. Ta san gurbin gwajin tunjere da aka bari fayau daban yake da wanda aka rubuta "babu ciwo". Idan kayan gwaji sun ƙare, haka za ta rubuta, ba za ta cike gurbin da abin da ba a yi ba don littafi ya yi kyau. Ta san ranar allura ta fi komai muhimmanci, domin allurar da aka yi ana saura mako guda haihuwa ba ta isa a ce an kare jaririn ba. Tana kuma rubuta ko an yi wa maigidan magani, in ba haka ba ciwon zai iya sake komawa jikin matar.

Sai wuyar aikin, wato haɗa uwa da abin da ta haifa. A unguwa ɗaya akwai Aisha biyar, Hauwa bakwai, da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba. Ƙwararriya takan haɗa sunan miji da unguwa da lambar kati. Mata da dama a gida suke haihuwa, don haka idan mai ciwon ta ɓace bayan awo, malamar ba ta barin layinta haka. Takan tambaya ta bakin ungozoma, ko ta jira ranar rigakafi ta ce, "Yaya, cikin nan fa, lafiya kika sauka?" Jaririn da ya zo ba rai ma tana rubuta shi, kuma wannan layin ne aka fi mantawa, alhali nan ciwon ya fi barin sawu.

Daga littafinta alƙaluma ke hawa manhajar DHIS2 zuwa ƙaramar hukuma da jiha, daga nan a san inda ake buƙatar fenisilin da kayan gwaji. Kyuba ce ta fara samun shaidar kawar da yaɗuwar ciwon daga uwa zuwa jariri a 2015, kuma sharaɗin ya haɗa da nuna cewa an gwada aƙalla kashi 95 cikin 100 na masu zuwa awo, an yi wa kashi 95 na masu ciwon magani. Ba a iya nuna haka sai da rajista irin tata.