Daga Ƙoƙo Zuwa Kwalba: Wa Ke Zaɓa Wa Mashayi Giyarsa?

Da wuya a sami mashayin da ba shi da giyar da yake kira tasa, kuma a shirye yake ya yi gardama a kanta har dare ya raba. Wannan ya ce tasa ba ta tashinsa da ciwon kai, wancan ya ce tasa ta fi zama a baki, wani kuma ya rantse cewa baƙar kwalba tana ƙara jini. Kowannensu gani yake harshensa ne ya yi alƙalanci. Amma idan aka bi sawun wannan ɗabi'a daga tukunyar burukutu zuwa kwalbar kamfani, sai a tarar rabon harshe a hukuncin kaɗan ne. Garin da aka haifi mutum, abokan zamansa, nauyin aljihunsa da tallan da ya sha gani, su ne suka yanke yawancin hukuncin tun kafin ya kai ƙoƙo baki.

Ga mafi yawan Hausawa, waɗanda Musulmi ne, matsayin giya ba abin ja-in-ja ba ne. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe ƙofar. A hadisi kuma, da Abu Musa al-Ash'ari ya kawo tambaya kan abin sha iri biyu na mutanen Yaman, ɗaya na zuma ɗaya na hatsi, Annabi (SAW) ya haɗa duk abin da ke sa maye cikin haramci guda. Sai dai haramta abu bai share shi daga tarihi ba, bai kuma fitar da shi daga kasuwa ba. Wani kaso na dawar da manomanmu ke nomawa kamfanonin giya ne ke saye, kuma muna zaune da maƙwabtan da giya ke cikin bikinsu da makokinsu. Sanin yadda ake ƙulla soyayya tsakanin mutum da abin shansa ilimi ne da ko wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba zai amfana da shi.

Giyar da ke da mai ita

Giyar hatsi ta girmi kwalba nesa ba kusa ba a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da yake lissafa manyan mutanen zamanin Barbushe a gindin Dala, ya ambaci maƙeri da mai magani, ya kuma ambaci mai dafa giya. Ke nan sana'a ce mai muƙami a wancan zamani. Bayan Musulunci ya kafu, al'adar ta ja da baya zuwa gidajen Maguzawa, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano kafin ya wallafa littafinsa a 1946. A can giya na cikin abubuwan da ke raba Bamaguje da maƙwabcinsa Musulmi, ko da yarensu ɗaya gonarsu na jingine da juna. A tsaunukan Filato kuwa, Robert Netting ya nuna a 1964 cewa a wurin ƙabilar Kofyar da giya ake sallamar 'yan gayya, da ita ake biyan tara, da ita ake girmama baƙo. Abin ya ratsa yankin kaf: burukutu da fito a Nijeriya da arewacin Ghana, dolo a Burkina Faso da Mali, bilbil a arewacin Kamaru da Chadi, marisa a Sudan.

Aikin na mata ne, kuma yakan ci kusan mako guda. Za a jiƙa dawa, a baje ta a rufe, ana yayyafa mata ruwa har ta tsira. Tsiron nan shi ne ke juya garin hatsi ya koma zaƙi, dabarar da masu kunun zaƙi ma suka sani. Sai a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake ɗora ta a wuta. Idan ta huce sai a zuba mata ragowar tsohon dahuwa, ko a juye ta a tukunyar da ta saba, inda yis ya riga ya zauna. Kwana ɗaya ko biyu ta fara kumfa, ta tashi. Burukutu kauri gare ta, wasu ma har garin rogo suke ƙara mata. Fito kuwa an fi tace ta, ta fi tsinkewa.

A kowane mataki akwai inda hannu zai bambanta da hannu. Jar dawa ce ko fara? Kwana nawa tsiron ya yi? Wace rijiya aka ɗebo? Wutar ta yi yawa har ta kama gindin tukunya? An bar ta ta yi tsami sosai ko an katse ta da wuri? Babu mace biyu da dahuwarsu za ta zo ɗaya, kai ko mace ɗaya ma ta wannan mako ba lallai ta yi daidai da ta makon jiya ba. Shi ya sa a gidan burukutu ba a cinikin biri a sama: akan miƙo wa mai saye ɗanɗano a ɗan ƙoƙo, in ta yi masa ya zauna, in ba ta yi ba ya wuce gaba.

Saboda haka idan mashayin ƙauye ya ce ga wadda ya fi so, sunan mace zai kira: giyar wance. Ya san ta, ya san ranar dahuwarta, ya san tana ɗaga masa ƙafa in babu kuɗi, ya san su wa zai tarar a kan benci. A nan ne ma harshe ke da aiki na gaske, tunda kullum sai an sake gwadawa. Amma ko a nan zumunci ya fi ɗanɗano ƙarfi, domin mutum kan jure tsamin giyar matar ɗan'uwansa ya bar ta baƙuwa mai daɗi.

Ita wannan giya tana da takunkumin da ta zo da shi. Ba ta ajiyuwa. Kwana biyu zuwa uku ta zarce da tsami ta lalace. Ba a kai ta nesa. Tana bin ranar kasuwa da lokacin kaka, kuma ana shan ta a idon dattawa.

Sunan da ke kan kwalba

Turawan mulkin mallaka sun sa Arewacin Nijeriya cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, suna kuma lallashin sarakunan Musulmi da hakan. Wannan na cikin dalilan da suka sa sayar da giyar kwalba a biranen Arewa ya tattara a barikoki da unguwannin Sabon Gari. An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a Legas a 1949, reshen Kaduna ya buɗe a 1963. A farkon shekarun 1960 Guinness ta gina masana'anta a Ikeja, ta farko da ta yi a wajen Ailan da Birtaniya.

Burin masana'anta kishiyar halin tukunya ne. So take kwalbar da aka buɗe a Jos ta yi daidai da wadda aka buɗe a Fatakwal, ta bana ta yi daidai da ta bara. Ana tace giyar tas, a kashe ƙwayoyin da ke cikinta da zafi, a rufe ta yi watanni. Yawancin abin da ake sayarwa kuma dangi ɗaya ne, wato farar giya mai ruwan zinariya irin wadda aka fara dafawa a garin Pilsen na ƙasar Cek a 1842. Ga shi ana shan ta da sanyi ƙarara, sanyi kuwa dushe ɗanɗano yake yi. To idan kayan duk sun yi kusa da juna haka, me mashayi ke karewa da jijiyar wuya?

Wasu masu bincike biyu a Amurka, Ralph Allison da Kenneth Uhl, sun gwada wannan a 1964. Sun ba mashaya giya iri-iri a kwalaben da aka cire wa suna, cikinsu har da wadda kowa ya ce ita ce tasa. Galibinsu ba su iya tsamo tasu ba, kuma makin da suka bayar bai bambanta sosai ba. Da aka mayar da sunayen, nan take kowa ya ɗaga darajar tasa. Abin da ke cikin kwalbar bai canja ba. Takardar da ke manne a jikinta ce ta dawo.

Nijeriya ma ta yi nata gwajin ba da niyya ba. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda shi ne ƙashin bayan giyar Turawa. Dole kamfanoni suka koma ga dawa da masara, wato hatsin da matan ƙauye suke dafawa tun kaka da kakanni. An sauya tushen abin sha ɗungurungum, amma manyan sunayen suna nan da masoyansu. Yau Guinness ɗin Nijeriya, mai ƙarfin kashi 7.5 cikin ɗari, har Landan ake kai ta, inda 'yan Nijeriya ke nemanta a matsayin ɗanɗanon gida. Abin da tilas ta kawo ya zama abin kewa.

Kamfanoni sun daɗe da gane cewa asali suke sayarwa. A 2012 aka fito da giyar Hero a Onitsha, watanni bayan rasuwar jagoran Biyafara Odumegwu Ojukwu, da tambarin fitowar rana wanda Inyamurai da yawa suka danganta da tutar Biyafara. Ta karɓu a kudu maso gabas cikin ɗan lokaci, har ana yi mata laƙabin girmamawa irin na uba. A ƙasar Yarabawa, Goldberg da Trophy suna gasar ɗaukar nauyin bukukuwan gargajiya da kiɗan fuji. Ita kuwa Guinness ta shafe shekaru tana jingina kanta da ƙarfin namiji, har ta ƙirƙiro jarumin talla mai suna Michael Power, aka yi masa fim sukutum a 2003. Mutumin da ya ce harshensa ne ya kai shi ga ɗayan waɗannan, sau da yawa garinsu ko surar da yake so a gan shi da ita yake faɗa.

Gaskiyar harshe da ƙaryarsa

Ba a ce harshe ba shi da ta cewa sam ba. Ko makaho ya san bambancin baƙar giya, wadda ake gasa hatsinta har ya yi duhu, da fara, balle burukutu mai tsami da kauri. Mutane kuma sun bambanta tun daga halitta wajen jin ɗaci. Amma son ɗacin kansa koyo ne: kusan babu wanda kurɓin farko ya yi wa daɗi, zama da abokai ne ke sa a daure har a saba, kamar yadda yaro ke yamutsa fuska a goron farko.

Sauran hujjojin kuwa ba sa tsayuwa. Ciwon kan safiya ya fi rataya ga yawan abin da aka sha da ƙarancin ruwa a jiki, ba ga sunan kamfani ba. Baƙar giya ba ta da sinadarin ƙarfen da zai ƙara wa kowa jini. Masu cewa burukutu abinci ce suna da 'yar gaskiya, tunda ba a tace ta sosai ba, amma abin da ke sa maye a cikinta shi ne dai wanda ke cikin kwalba, hanta kuma ba ta tambayar daga ina ya fito.

Babban mai tona asirin zaɓi shi ne aljihu. Duk lokacin da rayuwa ta yi tsada, masu rantsuwa da manyan sunaye sukan gangara zuwa masu araha, daga nan zuwa barasar leda mai ƙarfi, wadda hukumar NAFDAC ta sanar da fara hana ta a farkon 2024. A jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun daga Zamfara a shekarar 2000, inda Hisba ke farfasa kwalabe, mai sha a ɓoye ba daɗi yake nema ba; abin da zai shige aljihu ya yi aiki da sauri yake nema. Wannan kuwa shi ya fi kowanne haɗari.

Kada kuma a ɗauka zamanin tukunya zamanin lafiya ne. Burukutu ta cinye rumbunan da ya kamata su kai iyali damina, ta kashe aure, ta jawo faɗa a kasuwa. A birane yanzu wasu a tsofaffin durom suke dafawa, wasu su tsarma ogogoro don ta yi kaifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 shan barasa ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 2.6 a duniya. Abin da ya sauya shi ne takunkumin: da sai an jira ranar dahuwa, yanzu firji ba ya hutu; da kuɗin na komawa hannun wata mace a unguwa, yanzu ribar na tafiya ga masu hannun jari, da yawansu a Turai.

Wanda ba ya sha ma bai tsira daga wannan dabara ba. Kamfanonin nan su ne ke yin lemon malt marar sa maye: Nigerian Breweries ta fito da Maltina tun 1976, Guinness kuma na da Malta Guinness. Ana raba su a walimar aure da ta suna, ana kuma gardamar wanne ya fi da zafi irin na mashaya. Duk mai son ya san iyakar hukuncin harshensa, ya sa a zuba masa iri uku a kofuna ba tare da ya ga gwangwanin ba, ya gwada fitar da nasa.